Kamfaninmu ya fito da tsarin ɗorewa na 2030, ta yaya zan gane da gaske suke?

Kabiru_Injin:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Ina aiki a wata masana'anta da muke yin kayan roba, bokitai da jarkoki da kujeru, shekarata tara kenan a kan injin. Satin da ya wuce aka tara mu gaba ɗaya, babban manaja ya fito da wani littafi mai hotuna yace wannan shine tsarin ɗorewa na kamfani, wai za'a rage hayaƙin da muke fitarwa da rabi kafin 2030, za'a daina kai shara bola kwata-kwata, za'a rage ruwan da ake sha, sannan zuwa 2050 hayaƙin ya koma sifili. Akayi tafi aka watse. To ni dai na koma kan injina na tarar da komai yadda na barshi, tiyon iskar da yake yoyo tun bara yana nan yana ta huci a bayana. Tambayata itace, ta yaya mutum zai gane irin wannan tsarin na gaske ne ko kuwa kwalliya ce kawai don masu hannun jari da masu saye su gani? Ba zargin kowa nake ba, so nake in fahimta, don in da gaske ne wlh ni ma ina so in sa hannu.

Abu_Hanif:
Wa alaikumussalam. Takarda ce ɗan uwa, kar ka wahalar da kanka. Wanda yace 2050 ya san lokacin baya kan kujerar, waye zai kama shi?

Injiniya_Sale:
@Abu_Hanif kar muyi saurin yanke hukunci tun bamu ga littafin ba. Malam Kabiru in zaka iya samun kwafi ka duba min wasu abubuwa. Da farko rabi ɗin nan da suka ce, rabin me? Dole akwai shekarar da aka ɗauka a matsayin ma'auni, a rubuta cewa a shekara kaza mun fitar da tan kaza. In babu wannan lambar to maganar rabi bata da gindi. Sannan ka duba jimillar hayaƙin zasu rage ko kuwa hayaƙin da ke kan kowane tan na kayan da kuka ƙera, domin nan ne ake yawan ɓoye magana. Misali a ce kowane tan na bokiti yana jawo hayaƙi ma'auni 10, kuna yin tan 100, kaga 1000 kenan. Sai aka gyara ya koma 8 a kan kowane tan amma kasuwa ta buɗe kuka koma yin tan 200, yanzu 1600 kuke fitarwa. Kamfani zai rubuta cewa ya rage kashi 20 cikin ɗari kuma bai yi ƙarya ba, amma sararin samaniya ƙari ta samu. Abu na ƙarshe kuma wanda ni na fi dubawa, kuɗi. In ba'a ware masa kaso a kasafin shekarar nan ba, ba'a kuma ɗora wa wani mutum ɗaya mai suna alhakinsa ba, to akwai sauran aiki.

Ummi_Lissafi:
Injiniya ya gama magana. Ni a ɓangaren kuɗi nake aiki kuma abinda zan ƙara shine ku duba ko an ɗaura alawus ɗin manyan da cikar wannan burin. Duk abinda aka ɗaura wa bonas ɗin shugaba zaka ga ana bibiyarsa wata-wata, wanda ba'a ɗaura ba kuwa sai ƙarshen shekara a tuna dashi lokacin rubuta rahoto.

Kabiru_Injin:
Nagode Injiniya. Na karɓo a wajen safabaizanmu na duba, sun rubuta shekarar ma'auni kuma sun ce jimilla ce. Amma akwai wani abu da ban gane ba, sun rubuta cewa burin ya shafi rukuni na 1 da na 2 ne kawai, na 3 kuma wai ana kan tattara bayanai. Menene waɗannan rukunan?

Zainab_Muhalli:
Yaya Kabiru wannan tambayar ka taɓo inda maganar take. Akwai wata ƙa'idar ƙirga hayaƙi da kusan duk manyan kamfanonin duniya ke bi, sunanta GHG Protocol, an fara fitar da ita a 2001. Ita ce ta raba hayaƙin kamfani gida uku. Na 1 shine wanda ku da kanku kuka ƙona a harabarku, man janareto, gas ɗin tukunyar tururi, man motocin kamfani. Na 2 shine na wutar lantarkin da kuka saya, ba ku kuka ƙona ba amma don ku aka ƙona a tashar wuta. Na 3 kuma shine duk sauran, tun daga wanda ya haƙo ɗanyen mai aka sarrafa shi ya zama ƙwayoyin robar da kuke zubawa a injin, da jirgi ko tirelar da ta kawo, har zuwa abinda zai faru da bokitin bayan ya fashe an jefar. Shi wannan na ukun kansa kashi 15 aka raba shi.

To matsalar itace ga masana'anta irin taku, mafi yawan hayaƙin yana cikin na ukun ne, wato a cikin ita ɗanyar robar da kuke saye. Don haka in sun rage rabin na 1 da na 2 abu ne mai kyau ba'a raina ba, amma ƙaramin ɓangaren suka taɓa. Ni ban ce yaudara bace, gaskiya ƙirga na ukun yana da wahala don sai ka bi duk masu kawo maka kaya ɗaya bayan ɗaya, amma yakamata su sa ranar da zasu gama tattara bayanan. In babu rana, shekara biyar ma zasu iya yi suna tattarawa.

Abu_Hanif:
Kun gani ko? Ai abinda na faɗa kenan. Babban sun ajiye shi gefe sun ɗauki mai sauƙin.

Baba_Garba:
Yaro Abu Hanif bari in baka labari. Na yi shekara talatin da ɗaya ina gyaran injina kafin in yi ritaya, kuma abinda Kabiru ya ambata na tiyon iska shi ya sa na kasa yin shiru. Wata ranar hutu da aka kashe duk injina muka shiga da wani abokin aikina, kwampireso, wato injin da ke matsa iska cikin bututu, kaɗai muka bari a kunne. Wallahi da muka tsaya tsakiyar fakitori sai kaji ko'ina sssss kamar an saki macizai, abinda ranar aiki ƙarar injina bata bari kaji. Muka haɗa ruwan sabulu a gora muna bin mahaɗar bututu muna shafawa, duk inda yayi kumfa mu ɗaura jan ƙyalle. Kafin la'asar ƙyallen ya ƙare bamu gama layi biyu ba. Da aka gyara, kwampireso ɗaya cikin waɗanda ke aiki dare da rana sai ya koma hutawa, ba'a sayi sabon komai ba sai 'yan roba da kilif. Masana ma sun ce a masana'antar da ba'a kula, kashi 20 zuwa 30 na iskar da kwampireso ke matsawa a yoyo take tafiya. Lokacin ba wanda ya kira abin da sunan ɗorewa, gyara kawai muke cewa. Don haka ni a ganina ko da manya sunyi don kwalliya, kai da ke ƙasa kana da abin yi, kuma in suka ƙi baka kilif ɗin gyaran tiyo bayan sun buga littafi mai hoto, to ka samu amsarka ba sai ka tambayi kowa ba.

Kabiru_Injin:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wlh kamar ka shigo wajenmu ka gani. Sau uku ina rubutawa a littafin gyara.

Nafisa_22:
Ni tambayata daban ce ku yi haƙuri. Me yasa duk kamfanoni 2030 da 2050 suke cewa? Kamar sun haɗa baki.

Zainab_Muhalli:
@Nafisa_22 daga 2015 abin ya samo asali. A shekarar ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da wa'adinsu yake 2030, kuma a ƙarshen shekarar aka ƙulla yarjejeniyar Paris cewa a riƙe ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2 sosai, a yi ƙoƙarin tsayar da ita a 1.5. Daga baya a 2018 kwamitin masana yanayi na Majalisar ya fitar da rahoto cewa in ana son 1.5 ɗin sai hayaƙin kabon ya ragu da kusan kashi 45 zuwa 2030 in aka kwatanta da na 2010, ya kuma kai sifili wajajen 2050. Daga nan kowa ya ɗauki shekarun.

Musa_Siminti:
Ina jin ku tun ɗazu. Ina so in ce wa masu ganin duk kamfanin da bai kai sifili da wuri ba mayaudari ne, ku zo ku ga aikin siminti. Mu matsalarmu ba ta mai kaɗai bace. Dutsen farar ƙasa ake gasawa a tanderu mai juyawa da zafin da ya kai digiri 1450, kuma shi dutsen da kansa in ya gasu sai ya saki iskar kabon ɗin da ke jikinsa kafin ya zama kilinka, wato dunƙulen da ake niƙawa ya zama siminti. Fiye da rabin hayaƙin siminti daga nan yake fitowa, ko da hasken rana ka gasa shi sai ya fita. Shi yasa siminti kaɗai yake ɗauke da wajen kashi 7 zuwa 8 na kabon ɗin duniya. Abinda ake iya yi yanzu shine rage yawan kilinka a cikin buhu a cike da tokar kwal ko dattin narka ƙarfe ko gasasshen yumɓu, sai kuma kama hayaƙin a binne shi a ƙarƙashin ƙasa irin yadda kamfanin siminti na Heidelberg suka gina a masana'antarsu ta Brevik a Norway, kuma wannan kuɗi yake ci ba na wasa ba. Don haka in kaga kamfanin siminti yace 2050 ba lallai gudun aiki yake ba. Amma ku masu roba gaskiya kun fi mu sauƙi a rukuni na 1 da na 2, tunda yawancin injinanku lantarki ne.

Injiniya_Sale:
Malam Musa haka ne, ƙarfe ma kusan labarin ɗaya ne don gawayin kwal ake amfani dashi a cire iskar oksijin daga tama. A Suwidin kamfanin SSAB da abokan haɗin gwiwarsa sun gwada da haidurojin a madadin kwal, har sun kai wa Volvo kashin farko na ƙarfen a 2021. Yana yiwuwa kenan, amma daga gwaji zuwa ciyar da kasuwar duniya akwai tafiya.

Abu_Hanif:
To naji na siminti, na yarda wannan uzuri ne. Amma ku gaya min Volkswagen fa? Shekaru suna tallan cewa dizal ɗinsu mai tsabta ne, rahotanni masu kyau suna fita duk shekara, sai a 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa manhaja suka sa wa motocin da take gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, in an hau titi kuma ta sake shi. Motoci wajen miliyan 11 a duniya, su da bakinsu suka amsa. In kamfani mai girman wannan zai yi haka to wanene ba zai yi ba? Ni shi yasa na daina yarda da duk wani littafi mai hoton ganye.

Hajiya_Rabi:
Abu Hanif ɗana, abinda ka kawo gaskiya ne amma ka kula da yadda aka kama su, wasu masu bincike ne na wata jami'a suka ɗaura na'ura a kan motocin suka auna a titi. Ma'ana awo na wani daban shi ya tona asirin. Darasin da ni na ɗauka shine a tambaya waye ya tantance lambobin, ba wai a daina yarda da kowa ba. Akwai kuma ɗaya gefen. Kamfanin Interface masu yin kafet a Amurka, mai shi Ray Anderson tun 1994 ya juya akalar kamfanin, daga baya suka sa 2020 a matsayin wa'adin kawar da illarsu ga muhalli, suka yi ta bugawa duk shekara inda suka kai da inda suka gaza, har tsofaffin komar kamun kifi suka riƙa saye ana mayarwa zare. Mutumin ya rasu a 2011 bai ga ƙarshen abin ba amma kamfanin bai tsaya ba. To wannan ya amsa maganarka ta farko cewa wanda ya sa wa'adi baya kan kujera lokacin.

Abu_Hanif:
Hajiya ban ƙi taki ba, amma guda nawa ne irinsu?

Ummi_Lissafi:
Akwai kuma na tsakiya, waɗanda suka fara da gaske sannan suka ja da baya. Unilever tun 2010 suke da babban tsari kuma ana misali dasu, sun ce zasu rage sabuwar robar da suke amfani da ita da rabi kafin 2025, sai a 2024 suka fito suka sassauta burin suka kuma ɗaga wa'adin. Wasu sun ce gara da suka faɗi gaskiya da su yi shiru, wasu kuma suka ce da kasuwa ta matsa sai aka ga abinda ya fi musu muhimmanci. Ni har yanzu ina tsakanin biyun.

Auwal_Walda:
Ni fa duk wannan maganar hayaƙin tana min kyau amma akwai abinda yake ci min rai. Inda na taɓa aiki sun manna allon kare muhalli a bakin get, an shuka furanni, baƙi na zuwa ana ɗaukar hoto, mu kuma a ciki muna walda babu fankar zuƙe hayaƙi, takunkumin fuska ɗaya zaka yi sati dashi har yayi baƙi. Wani yaro da muke tare tari ya kama shi wata da watanni, da ya yawaita zuwa asibiti sai aka ƙi sabunta masa kwantiragi. To wace irin ɗorewa ce wannan da ta damu da iskar waje bata damu da wadda ma'aikaci ke shaƙa ba? Malam Kabiru ka duba littafin naku ko akwai maganar lafiyarku a ciki, in babu ni ko sun rage hayaƙi ɗari bisa ɗari bai burge ni ba.

Hajiya_Rabi:
Allah ya ba yaron lafiya. Auwal maganarka tana kan hanya, asalin ma'anar ɗorewa ƙafa uku gareta, muhalli da mutane da tattalin arziki. Ku tuna ginin Rana Plaza da ya rufta a Bangaladash a watan Afrilun 2013, mutum fiye da 1,100 suka mutu yawancinsu masu ɗinkin kaya, an ga tsagewa a bango tun jajibirin ranar amma aka sa su koma bakin aiki. Manyan kamfanonin tufafi na duniya ake ɗinka wa kaya a wurin. Tun daga nan ne aka matsa cewa rahoton kamfani dole ya haɗa da halin da ma'aikatan masu kawo masa kaya suke ciki.

Kabiru_Injin:
@Auwal_Walda na duba, akwai shafi ɗaya. Sun ce burinsu babu haɗari ko ɗaya a wajen aiki. Amma tsorona da irin wannan burin shine kar ya zama an daina rubuta haɗarin ne kawai, don na taɓa ganin wanda injin ya datse wa yatsa aka ce ya zauna a ofis yana jera fayil don kar a ƙirga ranar a matsayin ranar da aka rasa.

Injiniya_Sale:
Wannan tsoron naka yana da tushe, ana yin haka. Shi yasa masu lura suke fi son ganin adadin rahoton "saura ƙiris" yana ƙaruwa, wato abubuwan da suka kusa zama haɗari aka kai rahoto aka gyara. Wurin da ma'aikata basa tsoron kai rahoto shine zaka ga wannan lambar da yawa.

Sani_Direba:
Ni direban tirela ne ban san boko sosai ba amma naji ance kamfani zai iya biyan kuɗi a shuka masa itatuwa shikenan an yafe masa hayaƙin. Gaskiya ne? In haka ne ai abin da sauƙi, kowa ya shuka kawai.

Zainab_Muhalli:
Malam Sani ana yi, amma nan ne rigimar ta fi yawa. Shuka itace alheri ne ba mai musu. Matsalar itace kabon ɗin da ya fito daga mai ko kwal wani kaso nasa yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru a sama, ita kuma bishiyar sai tayi shekaru kafin ta zuƙi abin kirki, kuma gobara ɗaya ko fari ko mai gatari zai iya mayar da komai sama. Sau da yawa ma ana ƙirga ranar shuka ne da yawan dashen, ba mai komawa bayan shekara uku ya ƙirga nawa suka rayu. Shi yasa ƙungiyar SBTi da take tantance burin kamfanoni ta ce a ƙa'idarta ta 2021 sai kamfani ya rage wajen kashi 90 na hayaƙinsa da kansa tukuna, ragowar ɗan abin da ya gagara shi ne za'a nemi hanyar cirewa. Yaya Kabiru wannan ma abin dubawa ne, sifilin nan na 2050 nawa ne ragewa nawa ne saye.

Lawal_Kwali:
Bari in kawo kukanmu mu ƙanana. Ni ƙaramar masana'antar kwali gareni, ma'aikata basu kai talatin ba. Wani babban kamfani da muke kai wa kwali ya turo mana fom mai shafi da yawa, wai mu rubuta hayaƙinmu da ruwanmu da inda takardarmu ta fito, mu kawo satifiket na ISO 14001 na tsarin kula da muhalli, in ba haka ba zasu cire mu daga jerin masu kawo kaya. Ban ƙi ba wallahi, amma ba su ƙara ko sisi a farashi ba, ba su turo wanda zai koya mana ba, kuma har yanzu sai anyi wata uku kafin su biya mu kuɗin kayan da muka kai. To da me zan ɗauki mai ba da shawara? Wannan rukuni na 3 da Malama Zainab take cewa a ƙirga, mu ne fa rukuni na ukun, a kanmu nauyin yake sauka.

Ummi_Lissafi:
Alhaji Lawal wannan kuka ne na gaskiya. Kamfanin da yake da niyya yakan taimaka, ko ya rage kwanakin biya ga wanda ya cika sharaɗi ko ya baka kwantiragi mai tsawo yadda zaka iya zuwa banki da ita. Amma ka sani ko su ɗin ma matsa musu ake. Tarayyar Turai ta fara wani tsari tun Oktoban 2023 da duk mai shigar da siminti, ƙarfe, alminiyom, takin zamani da wasu kaya sai ya bayyana kabon ɗin da ke cikinsu, daga baya kuma ya koma biya. Bankuna ma suna tambaya kafin su bada rance. Shawarata ka fara da abinda kake dashi, takardun kuɗin wuta na wata goma sha biyu da rasit ɗin dizal, daga su ake fitar da rukuni na 1 da na 2, ba sai ka biya kowa ba.

Lawal_Kwali:
Nagode Malama, wannan kam zan iya, duk suna nan a fayil.

Nafisa_22:
Mu koma kan na Yaya Kabiru, maganar daina kai shara bola fa? Roba ai narkawa ake a sake, meye wahalar?

Kabiru_Injin:
Ƙanwata ta cikin gida bata da wahala, dama muna yi. Duk bokitin da ya fito a karkace da guntayen bakin mol, wato mazubin da ke fitar da siffar kayan, muna jefawa injin niƙa mu haɗa da sabuwa. Amma akwai iyaka, in ka cika niƙaƙƙiyar da yawa ko wadda aka narka sau da yawa sai kayan yayi gautsi, kujera ta karye da mutum, kala kuma ta dushe sai dai ka yi baƙi. Wadda ake kwasowa daga waje kuma ta fi wahala don a gauraye take zuwa, ga datti ga mai, in wata irin roba ta shiga cikin wata duk buhun ya lalace. Sai an tsince an wanke, wankin kuma ruwa yake ci, ga shi sun ce zasu rage ruwa. Wannan ma ina son in ji yadda zasu haɗa biyun.

Zainab_Muhalli:
Shi yasa a duniya gaba ɗaya wajen kashi 9 ne kawai na sharar roba ake sake sarrafawa. Ba kamar alminiyom ba da zaka yi ta narkawa baya lalacewa kuma wutar da yake ci bata wuce kashi 5 na ta sabo ba. Sannan a kula da kalmar "bama kai shara bola", wani lokacin ƙonawa ake ko a miƙa wa ɗan kwangila ya fita da ita get, inda ya kaita kuma ba mai tambaya.

Baba_Garba:
Na ga haka da idona, mota ta fita da sunan za'a sarrafa, bayan kwana biyu muka ga buhunanmu da tambarinmu a bakin rafi. Amma Kabiru ni dai ina nan kan bakata. Juma'ar da zata yi kyau tun daga Laraba ake ganeta. Kar ka jira 2030, ka ɗauki littafin nan nasu ka je wajen wanda aka sa sunansa a kai, ka buɗe masa shafin rage wuta ka ce ga tiyo na yoyo a layina ga lambar rahoton da na rubuta sau uku. Cikin ladabi, kuma kar ka je kai kaɗai.

Abu_Hanif:
Baba in ya je suka sa masa ido fa? Mai iyali ne wataƙila. Ni ina tsoron kar mu zuga shi ya rasa abincinsa a kan abinda su manyan basu ɗauka da zafi ba.

Injiniya_Sale:
Ba ƙorafi zai kai ba, ragin kuɗin wuta zai kai musu, wannan kuwa ba manajan da yake ƙi. Inda ake samun tirjiya shine abinda zai ci kuɗi bai dawo da wuri ba, kamar matatar ruwan datti ko fankar da Auwal yake magana. A nan ne ake gane mai niyya, tiyo kam ko marar niyya zai gyara in an nuna masa lissafi.

Auwal_Walda:
To ai shi yasa nace ni fankar zan duba ba tiyon ba.

Kabiru_Injin:
Jama'a na dawo. Yau bayan tashi mu uku muka je muka samu matar da aka ɗora wa aikin, ta saurare mu sosai har ta rubuta. Tace a ranar hutu mai zuwa mu shigo mu bi layukan da ruwan sabulu irin yadda Baba ya faɗa, za'a rubuta mana obataim, kuma tace an yi odar mita da za'a sa wa kowane layi daban don yanzu mita ɗaya ce ga duk fakitori. Da na tambayi ranar gama tattara bayanan rukuni na 3 tace bata da rana tukuna, maganar tana wajen manya. Na kuma kawo zancen warin da ke tashi a ɗakin niƙa da rashin fanka, tace ba ya cikin kasafin bana amma zata shigar.

Abu_Hanif:
Kaga mai arhar an amsa nan take, mai tsadar an ce sai baɗi.

Hajiya_Rabi:
An dai buɗe ƙofa. Kabiru ka rubuta ranar da ta faɗi maganar fankar a wani wuri, in lokacin kasafi ya zo ku koma ku ukun.

Musa_Siminti:
Malam Kabiru kafin ku fara gyaran ku karanta awannin da ke kan allon kwampireson ku rubuta, na lodi da na zaman banza, sannan ku sake karantawa sati ɗaya bayan gyara. In ba haka ba zaku yi aikin ba ku da abin nunawa. Wane iri ne naku, mai sukuru ne ko mai fistin?

Kabiru_Injin:
Mai sukuru ne guda biyu, ɗayan allonsa ya mutu tun kafin in zo layin. Akwai wata hanyar da za'a auna shi?

Baba_Garba:
Akwai. Ku cika tankin har ya yanke, ku kulle duk injina, ku sa agogo ku ga minti nawa allurar geji take ɗauka kafin ta sauka zuwa inda zai sake tashi. Ku yi sau uku ku rubuta. Bayan kun gama ɗaure-ɗauren ku sake yi, ka turo min lambobin in lissafa maka.